Yanka minti ɗaya ne, zaman kejin fa?

Mai Kajin Ƙwai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau ba tambayar magani ko ta haɗin abinci na kawo ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, na ce bari in ajiye shi a zauren nan tunda akwai masu kiwo, akwai likitoci, akwai malamai.

Shekarata huɗu ina kiwon kajin ƙwai a keji. Shekaranjiya muna fitar da tsofaffin da suka rage ƙwai, yaron da ke taya ni aiki ya sa hannu zai ciro wata, ta ƙi fitowa. Da muka leƙa, ashe faratanta ne suka yi zaƙo-zaƙo suka lanƙwashe suka kama wayar ƙasan kejin. Sai da muka yanke su. Da aka ajiye ta a ƙasa sai ta kasa tsayuwa. Ta ɗaga ƙafa, ta sauke, ta yi tangaɗi, ta zauna. Wuyanta fes babu gashi saboda gogar waya in ta leƙo cin abinci. Can bayan wani ɗan lokaci sai na ga ta fara tono da ƙafa ɗaya, ta kwanta ta gefe tana watsa ƙasa cikin fukafukanta. Wata 14 rabonta da ƙasa, amma ba ta manta ba.

Ni dai duk lokacin da za a yanka kaza a gonata sai na tabbatar wuƙa tana ci, an ambaci sunan Allah, ba a yanka wata a gaban wata ba. A nan nake ganin na sauke nauyi. To amma yankan nan minti ɗaya ne. Wata 14 ɗin da ta yi ba ta buɗe fiffike ba fa? Akwai haƙƙinta a kaina ko kuwa ni ne nake ɗora wa kaina abin da ba a ɗora min ba?

Baban Gona:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka. Sabo da kaza ba ya hana yanka, tausayin kaza kuma ba ya biyan kuɗin abincinta. Na fara kiwo a ƙasa kafin in koma keji, na ga duka biyun da idona. A ƙasa kaza tana taka kashinta, tana ci a ciki, zawon jini ya shigo ya kwashe maka ɗaruruwa cikin mako guda. Ga tsutsar ciki, ga ƙwai duk kashi, ga ranar da wani abu zai firgita su su taru a kusurwa ɗaya su danne juna, da safe ka zo kana kwasar gawa. Keji ya raba kaza da kashinta, wannan kaɗai rahama ce. Kuma ka riƙe wannan: kazar da ke shan wahala ba ta ƙwai. Tunda tana ba ka ƙwai, lafiyarta ƙalau. Faratan nan sakacin yaronka ne, ba laifin keji ba.

Likitar Dabbobi:
Baba, maganar zawon jini da tsutsa gaskiya ce, ba mai ja da kai. Amma ka yi min izini in ja da ɗaya, wadda kuma ita ce kowane mai gona ke kafa hujja da ita: wai kaza mai wahala ba ta ƙwai.

Kakar kajin nan, kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya, ƙwan da take yi a shekara bai wuce goma sha wani abu ba, ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe. Ta gidan gona kuwa an yi ta zaɓen iri shekara da shekaru har ta kai wajen 300 a shekara. Ba ita ke yanke shawara ba, haka aka gina jikin. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, kuma mafi yawan aikin ɓawon da dare ake yi lokacin da ba ta ci, don haka jikin yana yaguwa daga ƙashinta. Kazar da ba ta tafiya, ba ta tsalle, ba ta kaɗa fiffike, ƙashinta yana zama kamar kara. Na sha buɗe irin waɗannan kajin in tarar da ƙashin ƙirji a karye ya ɗore a karkace, kuma har ranar da aka fitar da ita tana ƙwai. Ƙwai shaida ce cewa abinci da haske sun isa, ba shaidar jin daɗi ba ce.

Batun wuri kuma, ku ɗauki takardar A4 ku duba. Faɗinta ya kai murabba'in santimita 620 da 'yan kai. A tsohon tsarin keji na Tarayyar Turai, abin da doka ta ba kowace kaza 550 ne. Bai kai takarda ɗaya ba. Sun hana wannan kejin daga farkon 2012, Siwizalan kuwa tun 1992 ta rabu da shi. Ɗan'uwa mai tambaya, ka auna kejinka, tsawo sau faɗi, ka raba da yawan kajin da ke ciki, ka faɗa mana.

Mai Kajin Ƙwai:
Likita, ba sai na auna ba, kunya ma nake ji. Kejin na huɗu-huɗu ne, ni na sa biyar-biyar.

Talaka Bawan Allah:
Ikon Allah. Yara na kwana da yunwa a duniya, mutane na zaune a sansanin gudun hijira goma a tanti ɗaya, mu kuma muna auna wa kaza fili da santimita. Ku da kuke cewa a saki kaji su yi birgima, kun san wa zai biya? Mai ƙaramin ƙarfi ne. Ƙwai shi ne abin gina jiki mafi sauƙi da uwa za ta iya ba ɗanta. Ku ƙara wa mai gona kashe kuɗi, ya ƙara wa ƙwai, yaron talaka ya rasa. Sai a gama da haƙƙin ɗan Adam tukuna a zo kan na kaza.

Almajirin Malam:
Ɗan'uwa Talaka, Allah ya yaye mana. Sai dai ban san inda aka ce haƙƙoƙi layi suke bi ba, sai an gama da wannan a taɓa wancan. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, ba kashe ta ta yi da hannu ba. Kulle ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ku lura da laifin: tsarewa ba tare da sauke nauyin tsarewar ba. A zamanin ma akwai mayunwata, ba a ce a bari sai sun ƙoshi ba.

Mai tambaya ya ce yana kula da wuƙa, madalla. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim, inda aka ce a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, ba da wuƙa ya fara ba. Ya fara ne da cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, sannan aka kawo yanka a matsayin misali. Mu muka ɗauki misalin muka bar ƙa'idar. Akwai kuma raƙumin wani mutumin Madina da ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta zubar da hawaye, aka kira mai shi aka ce masa ya ji tsoron Allah game da dabbar nan, ta kai ƙararsa cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Wannan raƙumi ba yanka shi za a yi ba. Rayuwarsa ta yau da kullum ce abin ƙarar.

Malamai ma ba su bar batun a wa'azi kawai ba. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabba a kan mai ita: ya ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba ya amfana da ita, kada ya ɗora mata abin da ba za ta iya ba, kada ya haɗa ta da abin da zai ji mata rauni ko da 'yar'uwarta ce, ya kyautata makwancinta da mashayarta, kada ya yanka ɗanta tana gani. Kaji biyar a wurin huɗu suna saran juna, ku gwada shi da na ukun nan. Ni ba mai fatawa ba ne, ban ce keji haramun ne ba. Amma halaccin yanka daban, halaccin abin da aka yi mata kafin yanka daban.

Maman Tagwaye:
Malam ka yi magana. Mu ma a Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 12:10 ta ce adali yana kula da ran dabbarsa, a Kubawar Shari'a kuma an hana sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka. Wato dabbar da ke maka aiki tana da rabo a cikin aikin. Ni abin da ke damuna shi ne mu masu saye. Ina son ƙwai mai araha, ba na son sanin yadda aka yi ya yi araha.

Talaka Bawan Allah:
Malam, na ji hadisi kuma na sallama. Amma matar nan yunwa ta kashe kyanwarta. Kajin ɗan'uwanmu suna ci suna sha har su bar saura. Ina haɗin?

Almajirin Malam:
Shi ya sa ban yanke hukunci ba. Tambayar da ta rage ita ce ko cutarwa ta tsaya a yunwa da ƙishirwa. In aka ɗaure ka a wurin da ba ka iya miƙe hannu, ana kawo maka abinci sau uku, an cuce ka ko ba a cuce ka ba?

Baban Gona:
Malam, kaza ba mutum ba ce. Kada mu riƙa ɗora mata tunaninmu.

Likitar Dabbobi:
Haka ne Baba, shi ya sa masu bincike ba sa tambayar kansu, kazar suke tambaya. Ana sa mata ƙofa mai nauyi tsakaninta da abin da ake son gwadawa, a ga iya ƙarfin da za ta sa ta ture. An gano cewa kazar da ƙwai ya matso mata tana wahalar neman wurin ɓuya da za ta saka shi kwatankwacin yadda mai jin yunwa ke wahalar isa ga abinci. Duk mai keji ya san wannan ko bai karanta ba: kafin ta yi ƙwai za ka ga tana kai-kawo, tana tura kai ta waya, tana wani irin kuka. Gurbi take nema, babu. Kullum haka, kusan kowace safiya.

Kuma ma'aunin ba wani dogon abu ba ne. A Birtaniya, bayan littafin Ruth Harrison na 1964 ya tona yadda ake kiwo a manyan gidajen gona, gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Rogers Brambell. Rahotonsu na 1965 ya ce mafi ƙaranci dabba ta iya tashi tsaye, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta miƙe gaɓoɓinta ba tare da wahala ba. Abu biyar. Shekara 60 ke nan, har yau dabbobi biliyoyi ba su samu biyar ɗin nan ba.

Ga kuma gaskiyar da ke gefen Baba, don kada a ce na yi son kai: sakin kaji a ƙasa ba aljanna ba ce. Inda aka cusa su da yawa, ga zarni yana cin ido, shimfiɗa a jiƙe tana ƙona musu ƙafa, wannan bai fi keji ba, wani lokacin ya fi shi muni. Na shiga ɗakin kajin nama da sai da na fito da gudu hawaye na zuba, su kuma a ciki suke kwana, kansu a kusa da ƙasa inda zarnin ya fi ƙarfi.

Mai Buroila:
Likita kin taɓo mu. Ni dama ina laɓe ina karantawa. Mu namu mako 6 ne an gama, ba su daɗe suna wahala ba.

Likitar Dabbobi:
Naku ma ya fi ba ni tausayi, ƙanena. Masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin 1957 da irin na 2005 da abinci iri ɗaya. A kwana 56, na 1957 giram 905 ya kai, na 2005 ya haura kilo 4. Tsoka tana gudu, ƙashi da zuciya suna bin ta a baya. Shi ya sa a mako na biyar za ka ga wani ya baje ƙafafu ya kasa kai kansa wurin ruwa, wani ciki ya cika da ruwa, wani kuma ka tarar da shi a rigingine ya mutu ba ciwon komai. Ka gaya min gaskiya, wanda ya gurgunce me kake yi da shi?

Mai Buroila:
Gaskiya barinsa nake yi, ko zai kai ranar fitarwa.

Likitar Dabbobi:
To ka ga inda haƙƙi yake. Kwana goma yana kallon ruwa daga nesa. Ko ka ware shi ka sa masa ci da sha a gabansa, ko ka yanka shi a ranar. Wannan ba ya ƙara wa kowa tsadar nama. Haka kashe musu fitila na wasu awowi da dare su huta, maimakon haske dare da rana don su yi ta ci.

Tsohon Direba:
Ku duk kuna maganar kaji. Ku zo ku ji ta shanu a hanya. Shekara 11 ina jan tirelar dabbobi kafin baya ya hana ni. Mai kaya kuɗin mota yake biya, ba na kowace dabba ba, don haka iya abin da ya cusa iya ribarsa. Akwai tafiyar da ba na mantawa. Mun yi lodi da yamma, na ce wa mai kayan sun yi yawa, ya ce in ja ko a kira wani direban. Tsakar dare na ji motar tana wani irin rinjaye, na tsaya na haska. Wata saniya ta faɗi, sauran suna tsaye a kanta. Yaran mota suka shiga suna murɗa mata wutsiya, suna dukanta da sanda a hanci don ta tashi. Ta yunƙura sau biyu ta koma. Numfashinta nake ji har yau, kamar ana hura zugazugi. Ba wurin saukewa, ba ruwa. Kafin asuba sai wuƙa aka sa mata a cikin motar don kada ta zama mushe, sauran suna tsaye cikin jininta har muka isa.

Mai kayan da muka isa bai tambayi komai ba sai cewa an dai samu yankawa ko? Aka ce an samu. Ya ce alhamdu lillahi. Ni kuma na karɓi kuɗina. Ban ce ni mai tsarki ba ne a cikin wannan labari.

Maman Tagwaye:
Wayyo. Baba Direba, na kasa ƙarasa karantawa sai da na ajiye wayar.

Sarkin Fawa:
Yayana direba, abin da ka faɗa mu muke ganin ƙarshensa. Dabbar da ta sha duka da doguwar tafiya, da ka feɗe za ka gane. Ƙarƙashin fata duk jini ya kwanta, sai ka yi ta yankewa kana zubarwa. Naman kuma ya yi duhu, ya yi tauri, yana danƙo a hannu, ba ya kwana. Mai saye ya ɗauka mushe ne. Mai kayan da ke ganin ya ci riba da cusa ƙarin shanu uku, a nan yake mayar da ita bai sani ba. Ni in da hali ba na yanka dabbar da aka sauke yanzu. Ta sha ruwa, ta kwanta, ta huce.

Likitar Dabbobi:
Sarki, iliminka daidai yake da na littafi. Tsoka tana da ajiyar sukari. Bayan yanka wannan sukarin ke juyewa ya zama ɗan tsami wanda ke sa nama ya yi haske ya kuma daɗe. Dabbar da ta ƙone ajiyarta da tsoro da gajiya, namanta ba ya samun tsamin, sai ya yi duhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Dokar hanya kuma ba sabuwa ba ce. Amurka tun 1873 take da dokar cewa kada a wuce awa 28 ba a sauke dabbobi sun ci sun sha sun huta ba. A Tarayyar Turai, shanu da tumaki awa 14 a tsaya a ba su ruwa na aƙalla awa ɗaya, bayan wasu awa 14 kuma a sauke su su huta awa 24. Ba wai can ma ba a ɓarna ba. A Nuwamban 2019 jirgin ruwa ya kife a gaɓar Romaniya da tumaki sama da 14,000, waɗanda aka ciro da rai ba su kai 300 ba. Ostireliya ta yi dokar daina fitar da tumaki masu rai ta ruwa daga watan Mayun 2028.

Wani abin ma ba kuɗi yake ci ba, lura ce. Temple Grandin, wata farfesa a Amurka, shiga take yi hanyar da shanu ke bi ta duba da tsayin idonsu. Ta gano abin da ke sa su turjewa sau da yawa inuwa ce a ƙasa, ko sarƙa mai lilo, ko rigar da aka rataye, ko ƙyallin ruwa. A kawar da shi, saniya ta wuce da kanta ba sanda.

Ɗalibin Falsafa:
Ku gafarce ni, amma ina ganin duk kuna kewaye ne. Kuna ta gyaran kurkuku, ba wanda ya tambayi dalilin kurkukun. Jeremy Bentham, masanin falsafa na Ingila, tun 1789 ya ce abin dubawa game da dabba ba ko tana tunani ko tana magana ba ne, ko tana jin zafi ne. In tana ji, kuma duk kun yarda tana ji, da wace hujja ake yanka dabbobin tudu sama da biliyan 70 kowace shekara, mafi yawansu kaji? Ɗan'uwa mai kajin ƙwai, ka taɓa tambayar ina 'yan'uwan kajinka maza? Rabin abin da aka ƙyanƙyashe zakaru ne, ba sa ƙwai, irinsu kuma ba ya yin nama da wuri. A manyan wuraren ƙyanƙyasa ranar da suka fito ake kashe su, da injin niƙa ko da iskar gas, biliyoyi a shekara. Jamus ta hana daga Janairun 2022, yanzu tun cikin ƙwai suke tantancewa. Wannan yana cikin kuɗin kowane ƙwai, ko na keji ko na sake.

Baban Gona:
Ga shi nan. Dama na san inda za a ƙare ke nan, a ce mu bar cin nama. Yaro, abin da Allah ya halatta ba Bature ne zai haramta mana ba. Su da ke niƙa 'yan tsaki da rai su ne kuma ke zagin yankanmu wai babu tausayi.

Ɗalibin Falsafa:
Baba, ban ce haramun ba, tambaya na yi. Kuma wanda ya yi ɓarna in ya faɗi gaskiya ba ta zama ƙarya.

Almajirin Malam:
Ɗalibi, a nan muka rabu da kai. Ni na yarda an hore mana su, mu ci, mu sha nononsu, mu hau. Amma wanda aka hore wa abu amana aka ba shi. Suratul An'am aya ta 38 ta kira su al'ummomi irinmu. Kai kana cewa tunda suna jin zafi kada a yanka. Baba yana cewa tunda an halatta yanka sauran duk ƙananan magana ne. Ni ina ganin kun haɗu a abu ɗaya ba ku sani ba: ku biyun wuƙa kuke kallo. Mai tambaya kuwa wata 14 ya tambaya.

Batun 'yan tsaki kuma ban taɓa sani ba sai yau, kuma ya girgiza ni. Akwai hadisin da ke cewa wanda ya kashe ko da ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba za a tambaye shi, haƙƙin kuwa shi ne ya yanka ya ci, ba ya kashe ya jefar ba. Zan kai wa malaminmu wannan mas'ala.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi hattara, na goge saƙo biyu. Ba zagi, ba kafirta juna a kan kaza. A ci gaba.

Talaka Bawan Allah:
Har yanzu ba wanda ya amsa min. Wa zai biya?

Likitar Dabbobi:
Zan amsa maka tsakani da Allah. Wani gyaran yana da tsada, kuma mai saye ne zai biya, duk wanda ya ce maka ba haka ba yaudararka yake. Fitar da kaji daga keji gaba ɗaya yana ƙara kuɗin ƙwai. Amma yawancin abin da aka ambata a nan ba ya cikin wannan: inuwa, ruwa a hanya, daina duka, ware mara lafiya, allurar kashe zafi kafin a dandaƙe ɗan maraƙi ko a ƙone masa tushen ƙaho, da yin hakan yana ƙarami maimakon a bari ya girma.

Sannan arahar da kake karewa, kana biyan ta ta wata ƙofar. Dabbobin da aka cusa wuri ɗaya ba sa zama lafiya sai da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwansu kusan kullum. Ƙwayoyin cutar suna sabawa da maganin, kuma dangin magungunan da ake ba ɗanka ne in ya kwanta. Suwidin ta hana sa irin wannan magani a abincin dabba don saurin girma tun 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya ta bi a 2006, ba don tausayin kaza kaɗai ba. Ranar da allura ta ƙi ci a jikin yaron talaka, mai kuɗi yana da ta biyu da ta uku. Shi fa?

Talaka Bawan Allah:
Wannan ta shige ni, Likita. Amma batun birgima har yanzu ban sauka ba.

Makiyayi:
Ni ban iya dogon rubutu ba. Abin da na sani, saniya in aka ɗauke mata maraƙi kwana take tana kuka, ta ƙi kiwo, tana komawa inda ta bar shi. Na ji a manyan gidajen madara kwana ɗaya ko biyu ake raba su. Wanda ya ce dabba ba ta san komai ba bai taɓa kwana kusa da garke ba.

Mai Kajin Ƙwai:
'Yan'uwa na gode, na karanta duka har sau biyu. Ga inda nake bayan mako uku. Ban iya rushe keji ba, bashi ne a kaina, ƙarya zan yi in na ce zan iya bana. Abin da na yi, layi ɗaya na rage zuwa huɗu-huɗu, waɗanda na cire na zuba su a wani ɗaki da shimfiɗar dusar katako, na sa musu sanduna da akwatunan saka ƙwai da tsohuwar taya cike da yashi. Daren farko ba wadda ta hau sanda, a ƙasa suka kwana a cure. Yanzu kusan rabi suna hawa. Tayar yashin kuwa layi suke yi.

Abin da ban ji daɗi ba: ƙwan ƙasa yana zuwa da datti, wasu suna sakawa a kusurwa maimakon akwati, kuma sun tsangwami wata ƙarama har sun fasa mata baya, sai da na ware ta. Aikin yaron ya ƙaru, yana ta gunaguni. Na layin huɗu-huɗu kuma fasasshen ƙwai ya ragu, amma mako uku ba ya isa in ce komai.

Waccan ta farkon, mai faratan, ban sayar da ita ba. Tana yawo a bayan ɗakin ajiya, gashin wuyanta ya fara tsirowa kamar ƙaya.

Baban Gona:
Ɗana, ka sa wa akwatunan labule su yi duhu, ka kuma riƙa kwashe na kusurwa da sassafe kafin su saba. Ka ba na ƙasan maganin tsutsa, kada ka jira sai ka gani a kashi. Kuma ka riƙa rubuta komai daban-daban, abincin da kowane ɓangare ya ci, ƙwan da ya ba ka, da wadda ta mutu. In an yi wata uku ka turo min lissafin in gani, don akwai wani tsohon ɗaki a gonata da ba a komai da shi.

Mai Buroila:
Likita, fitilar nan da kika ce, awa nawa zan kashe, kuma daga kwana nawa zan fara?